Yadda launi ya tona asirin bakin tsuntsaye a zanen ɗige-ɗige

Bayanan da na yi aiki da su na fengwin ne, tsuntsun teku da ba ya tashi sama, waɗanda masaniyar halittu Kristen Gorman ta tattara a tashar bincike ta Palmer da ke Antatika tsakanin 2007 da 2009. Tsuntsaye 344 ne, jinsi uku: Adelie 152, Gentoo 124, Chinstrap 68. An auna tsawon bakin kusan kowanne da kaurinsa da milimita. Duk wanda ke da seaborn, kayan aikin zana bayanai a harshen kwamfuta na Python, zai iya kiran su da layi ɗaya, shi ya sa na zaɓe su lokacin da nake shirya darasi ga masu koyon nazarin bayanai.

Zanen farko kowa zai iya yinsa. Tsawon baki a kwance, kauri a tsaye, kowane tsuntsu ɗigo ɗaya, duk shuɗi. Da na ja layin da ke bin tsakiyar ɗige-ɗigen sai ya gangara ƙasa, wato dogon baki shi ne siriri. Da a nan na tsaya, abin da zan gaya wa ɗalibai ke nan.

Sai na so kowane jinsi ya ɗauki launinsa. A nan matplotlib, kayan zanen Python da nake aiki da shi, ya nuna halinsa. Idan ka miƙa wa `c`, wato gurbin da ake faɗa masa launin ɗigo, sunayen jinsi kai tsaye ba zai karɓa ba, domin shi launi ya sani ko lamba, bai san wani Adelie ba. Dabarar da ake yawan bayarwa ita ce ka mayar da sunayen lambobi da `cat.codes`, su zama 0 da 1 da 2. Tana aiki, amma ban so ta ba. Tun daga 2017 matplotlib na shafa wa lambobi jerin launukan viridis, mai tashi daga shunayya ya ƙare a rawaya, kuma an ƙirƙire shi ne don abin da ke hawa hawa, kamar zafin rana ko nauyi. Ido na ganinsa zai ɗauka Gentoo ya fi Adelie wani abu, alhali jerin harufa ne kawai ya ba shi 2. Ga shi kuma akwatin da ke fayyace launuka ba zai fito da sunaye ba sai ka sha wahala. Wani abin lura: gurbin da babu suna −1 ake ba shi, shi ma ya samu launinsa shiru, kamar jinsi na huɗu.

Hanyar da ta kwanta mini ita ce in raba bayanan da `groupby`, in zana kowane rukuni daban tare da `label` nasa. Layi huɗu ne ko biyar. Mai gaggawa kuwa ya rubuta `hue="species"` a seaborn, an gama.

Launukan na fitowa sai labari ya juye. Gungu uku ne a fili. Adelie na hagu a sama, gajeren baki mai kauri, tsawonsa wajen milimita 39. Gentoo na dama a ƙasa, baki dogo amma kaurinsa wajen 15 kacal. Chinstrap kuma ya haɗa tsawo da kauri. A cikin kowane gungu layin sama yake hawa: tsuntsun da bakinsa ya fi tsawo shi ya fi kauri. Gangarar da na gani da farko ba ta cikin jinsi ko ɗaya, zaman Gentoo a can ƙasan dama ne ya rinjayi layin. Masana ƙididdiga suna danganta wannan juyi da Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kai a 1951. Na taɓa karanta shi a takarda, amma ganinsa da launi uku a allo daban ne.

Abin da ya fi cin lokacina bai kai wannan armashi ba. Tsibirai uku ne a bayanan, Biscoe da Dream da Torgersen, na kuma so kowanne ya samu zanensa. Gentoo a Biscoe kaɗai yake, Chinstrap a Dream kaɗai. Seaborn kuwa launi yake rabawa bisa wanda ya fara bayyana, kamar mai rabon fura a layi. A babban zane Gentoo kore ne, Chinstrap ruwan lemo. A zanen Biscoe, da yake Chinstrap ba ya nan, sai Gentoo ya gaji ruwan lemon. Ka jera zanukan biyu, mai kallo zai rantse tsuntsu ɗaya ne, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Maganin shi ne ƙamus ɗaya a saman fayil, kowane suna da launinsa, a riƙa miƙa shi ga `palette`, gurbin zaɓen launuka na seaborn, a duk zanen da za a yi. Yanzu shi nake fara rubutawa kafin in ɗiga ko ɗigo ɗaya.

Sauran sun zo da sauƙi. Inda ɗige-ɗige suka hau juna, rukunin da aka zana a ƙarshe ke danne na farko, don haka na sa `alpha` a 0.7 domin a riƙa hango na ƙasa ta cikin na sama. Na guji haɗa ja da kore, saboda akwai mutane da dama, galibi maza, da ba sa bambance su. Seaborn na da jerin `colorblind` don haka. Kuma da yake yawancin takardun darasi baƙi da fari ake buga su a shagon hoto-kwafi, inda shuɗi da kore duk toka-toka suke komawa, na ƙara `style="species"` domin kowane jinsi ya samu siffarsa: da'ira, gicciye, murabba'i.

Da rukuni uku duk wannan na tafiya daidai. Jerin launukan matplotlib na asali goma ne, daga nan sai ya koma farko ya maimaita. Ni ko bakwai aka kai ba na ƙara launi: rukunin da nake magana a kansa nake ba launi mai ƙarfi, sauran in bar su da ruwan toka, ko in raba zanen gida-gida da `relplot`.