Gadar Dutse a Kwarin Firtina

Saro kaya ya kai ni Laleli, unguwar 'yan kasuwa a Istanbul, amma ɗan ƙanwata da ke karatu a Tarabzon ya kafe sai na leƙo shi. "Kawu, daga Laleli sai otel, daga otel sai Laleli, kuma ka koma Maradi ka ce ka ga Turkiyya?" Shi ya ja ni har jihar Rize. Filin jirginsu ma abin kallo ne: cike teku suka yi da duwatsu suka shimfiɗa shi a kai, aka buɗe shi a 2022.

Daga Ardeshen muka bar bakin Bahar Aswad muka bi kogin Firtina zuwa cikin tsaunuka. Jama'a, kore har ya ishi ido! Gonakin shayi a manne a jikin tudu, mata na yankar ganyen da almakashi mai jaka, sama kuma kurmi ne baƙi ƙirin. Ruwan sama a nan yana haura milimita 2,000 a shekara. Mu a Maradi in mun samu 500 sai mu ce damina ta yi albarka. Gulbinmu rabin shekara rairayi ne, yara na buga ƙwallo a ciki, wannan kuwa ruri yake ba dare ba rana, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji.

Gadar tana ƙauyen Shenyuba, gaba kaɗan da garin Camlihemshin. Mutanen wurin suna cewa a 1696 aka gina ta, zamanin Daular Usmaniyya. Baka guda ce tal, ta tashi daga wannan gaɓa ta dira a waccan, ba ginshiƙi ko ɗaya cikin ruwa. An jera sassaƙaƙƙun duwatsu kowane na danne ɗan'uwansa, nauyin ya sauka gefe biyu. Doronta da tsayi, don in kogin ya cika ya kwaso itatuwa da duwatsu, su wuce ta ƙasa. Mota ba ta hawa, an yi ta ne don mutum da alfadari. Na hau a hankali saboda santsin gansakuka, yaron nan yana ta dariya wai Kawu ya riƙe babbar riga kamar mai tsallake kwata.

Wani dattijo mai rumfa a gefen gadar ya ji sallamata, ya tambayi daga ina. Da aka ce Nijar, sai ya zaunar da mu, shayi kofi bayan kofi, ga muhlama, wato garin masara da man shanu da cuku a kasko, da zafinsa. Na ciro kuɗi, ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa. Na ce a gaya wa Baba Allah ya saka.

Masu zuma kuwa ba sa wasa. Kwalba guda da na taya, da na juya kuɗin zuwa sefa sai na maida ita wurinta. A Tibiri da waɗannan jikkunan sai na cika jarka. Mai tasin da ya kawo mu shi ma ya ƙara kuɗi a hanyar dawowa, wai ladan jira, alhali tare muka sha shayin kyautar.

Mun leƙa Zilkale, wata tsohuwar ganuwa a kan tsauni, hazo ya rufe komai. Washegari na koma Istanbul na ɗaure kayana, sai Yamai.