Gwajin gem a teburin mai shayi

Yau wasu samari masu haɗa gem na waya a unguwar Yaba ta Legas suka turo min sabon nasu in gwada, sai na miƙa wa ƙanina a teburin mai shayi nan Agege, ya sa a wayarsa itel mai ƙaramin ƙarfi (RAM 2GB). Wallahi ko kallon bayanin Turancin farko bai yi ba, danne-danne kawai yake, da ya kai mataki na uku gem ɗin ya maƙale wai sai an sauke ƙarin kaya, yaron ya duba sauran datarsa ya ce "Yaya, wannan ai na masu wifi ne," ya fita. Abin ya taɓa ni, don na san wahalar da suka sha a kansa.

Da na zo rubuta musu ban ce "bai yi ba" kawai, wannan ba ya gyara komai. Na faɗi irin wayar, inda ya tsaya, abin da aka danna kafin nan, na yaba sautin kuma don gaskiya ya yi daɗi. Ina ga sati mai zuwa su zo kasuwar Mile 12 da kansu su ga masu bugawa.