Jemage da korona, kafin mu tada hankali

Kwanaki wani abokina ya turo min labari a WhatsApp wai an sake gano sabuwar korona a jikin jemage, har yana tambayata ko kulle zai dawo. Gaskiya gabana sai da ya faɗi, amma da na bincika sai na ga HKU5-CoV-2 ce, wadda masu bincike a Wuhan suka bada rahotonta a farkon 2025, kuma a ɗakin gwaji ne aka ga tana iya kama ACE2, wato ƙofar da korona ke bi ta shiga ƙwayoyin jikin mutum, shi ma kamun bai kai na Covid ƙarfi ba.

To ai jemagu dama cike suke da irin waɗannan ƙwayoyin. Nau'in jemagu ya haura 1,400, suna kwana a cunkushe cikin kogo dubbai, suna tashi su yi nisa, ga garkuwar jikinsu mai ban mamaki da ke riƙe cuta ba tare da sun kwanta ba, sai ƙwayoyin su yi ta musayar sassa a tsakaninsu.

Abin da ya fi damuna ni shi ne dabbar da ke tsakiya, wadda ke ɗauko cutar daga jemage ta kawo wa mutum. SARS, wata korona da ta fara a Guangdong ta ƙasar China a 2002, ta kama mutum wajen 8,000 a duniya, ta kashe kusan 800, kuma ta kasuwar dabbobin daji ta biyo, a jikin wata dabba mai kama da jibda. MERS kuwa, ita ma korona ce, da ta ɓulla a Saudiyya a 2012 raƙuma ne suka kawo mana ita, ita kam ba wasa, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su tashi ba. Kenan ƙwayar sai ta samu inda za ta zauna ta saba da sabon jiki, kuma mu muke tanadar mata wurin, a sare daji, a kafa gonar aladu gab da kogo, a jibge dabbobi masu rai keji kan keji.

Abokin nawa cewa ya yi to a kashe jemagun mana kowa ya huta. Haba! An gwada haka a wani ramin haƙar ma'adinai a Uganda saboda cutar Marburg mai kama da Ebola, jemagu suka dawo, masu ɗauke da cutar a cikinsu ma suka ƙaru. Ga ƙwarin gona da suke cinyewa kullum dare, wa zai maye gurbinsu? Da na tura masa wannan, sitika kawai ya maido min.