Giyar baya a dogon baro: abin da lungunan Katako suka koya mini

Duk wanda ya iya moto gani yake ya iya dogon baro, wato moto mai ƙafa uku na dakon kaya, kuma a kan miƙaƙƙen titi ba mai musa masa. Kan iri ɗaya ne, kuloci a hagu, wuta a dama, giya a ƙafa. Ka ba ɗan kabu-kabu baro a Wadata cikin birnin Yamai, zai haye Gadar Kennedy ya kai maka shi Harobanda lafiya lau. Inda ake gane direba shi ne cikin kasuwar Katako, ranar da ya kutsa layin masu katako da rodi ya tarar babbar mota ta tare gaba, amalanke ta tare gefe, ba mafita sai ta baya. Moto mai ƙafa biyu ba ta koya wa kowa wannan ba.

A shekarun da na yi ina dakon siminti, katako da buhunan albasar Galmi a Yamai, abin da ya fi daɗewa bai zauna mini ba shi ne cewa bayan baro ba irin na mota ba ne. A mota, baya giya ce guda ɗaya, an yi ta mai ƙarfi marar gudu da gangan. Yawancin dogon baro da ake kawo mana daga ƙasar Sin kuwa injin moto ne aka ɗora musu, mai cc 150 ko 200, wasu 250, mai giya biyar na gaba zalla. Sai aka ƙara wani ɗan akwati dabam tsakanin injin da kardan, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya. Aikin akwatin ɗaya ne, ya sauya ɓangaren da kardan ke juyawa, kuma ƙarfen da kake ja da hannu a gefe shi ke ba shi umarni. In ka ja shi, ba giya ɗaya ka sa ba, ƙarfin injin gaba ɗaya ka juyar. Giya biyar ɗin nan duk suna aiki ta baya. Ka ga dama ka yi baya a ta uku, baro ba zai ce maka uffan ba. Makanikin da ya fara buɗe akwatin a gabana ya nuna mini haƙoran ciki da bakin sukundireba, ya ce, "Ka gani, ƙanena? Masu ƙera shi ba su sa masa hankali ba. Da naka suka dogara."

Sa giyar kanta ba wuya. Ka tsaya cak, ka matse kuloci har ƙarshe, ka taka giya ta ɗaya, ka ja ƙarfen, sannan ka saki kuloci a hankali. Tsayawar ce mutane ke ha'inta. Baro na ɗan gangarawa, Alhaji na tsaye yana duba agogo, sai direba ya fizgi ƙarfen. Haƙoran nan ba su da abin da ke daidaita gudunsu kafin su haɗu, karo kawai suke yi, kuma ƙarar nan ta "ƙarrr" da ake ji ƙarfe ne ke guntulewa. Wani lokaci ma kana tsaye sosai amma ya ƙi shiga, don haƙori ya hau kan haƙori. Maganinsa ka ɗan saki kuloci ka sake matsewa, ko wani ya ɗan girgiza baron, sai ya faɗa da kansa. Na sha ganin yara suna dukan ƙarfen da dunduniya, har da dutse. Lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 kayan gyara suka yi tsada, na san masu baro da suka jingine sana'a saboda wannan ɗan akwati kawai, injinsu lafiya ƙalau.

Akwai kuma mantuwa, wadda ke ba ƴan kallo dariya, mai ita kuwa ta ci masa kuɗin yini. Mutum ya yi baya ya sauke kaya, ya kashe inji, ya sha shayi, ya dawo ya taka ta ɗaya ya ba da wuta yana kallon gaba, sai ga shi cikin rumfar mai tireda. Ni dai ba na kashe inji sai na mayar da ƙarfen wurinsa.

Kan baro kuwa in ana baya wani hali yake sakewa. Kana tafiya gaba, ƙafar gaba da kanta take miƙewa saboda yadda aka karkata ƙarafunta. Kana baya, abin sai ya juye: kan so yake ya naɗe gefe guda, kuma ɗan dutse ko rami ya isa ya fizge shi daga hannunka. Mai baya da hannu ɗaya, ya murɗa jiki yana leƙen baya, ɗaya hannun a kan kujera, yana neman rigima ne. Sannan yayin da ido ke kan gindin baro, gaba na can tana share fili ta ɗaya gefen, tana kwasar motocin da aka jera a bakin shago. Mafi muni shi ne ba da wuta da ƙarfi alhali kan na lanƙwashe. Nauyi sai ya tattaru wajen da ƙafa ɗaya ce tak, ƙafar baya ta ciki ta ɗaga. In kayan dogo ne, kamar katifu ko buhunan gawayi da aka jera sama, ko tankin ruwa da bai cika ba ruwan na kai-kawo a ciki, sai dai a taru a ɗaga. Gudun baya bai kamata ya wuce tafiyar mutum a ƙasa ba.

Amma darasin da ya fi duka bai shafi hannu ko ƙafa ba, kuma daga maigidana na same shi. Ya kan ce, "Kai yaro, baya da wofi ake yin ta." Na ɗauka karin magana ce irin ta manya, ashe tsarin aiki ne. In za ka ɗauki kaya, ka shiga lungun da baya tun baro ba komai, kana hango bayanka ta saman akwatin, ko ya maƙale mutum biyu sun tura shi. In an loda sai ka fito da gaba. In kuma kai kaya za ka yi, ka shiga da gaba, a sauke, ka fito da baya fayau. Wahalar ita ce mai kaya bai san wannan ba, kuma bai damu ya sani ba. "Malam, shigo kawai mana, ka tsaya juye-juye!" Minti biyun da yake ƙyashi su ne za su zama rabin awa in aka ɗora buhun siminti ashirin. Kowane buhu kilo 50 ne, wato tan guda cur a kan injin moto, kuma kowa so yake a kwashe masa a sawu ɗaya.

Shi ya sa in aka kai ni unguwar da ban sani ba, nakan sauka in taka lungun da ƙafa kafin in sa baro. Wasu na ganin tsoro ne. Su gani. A unguwanni irin Bukoki da Talladje gidaje da yawa suna da ramin ruwan wanka a ƙofar gida, an rufe shi da siminti marar kauri ko kwano, ƙasa ta binne. Da damina, musamman a watan Agusta, bakin kwata kan yi laushi ya zabtare da ƙafar baya. Ga yashi. Ƙafafun baya na baro, in ɗaya ta rasa abin kamawa, ita ce za ta yi ta juyi a banza, ɗayar ta tsaya tana kallo. A nan direba mai zafin rai ke fara gaba, baya, gaba, baya, yana fizgar ƙarfe ba tsayawa, har warin kuloci ya tashi. Gara a sauke buhu biyar, a haƙe yashin, a shimfiɗa katako ko kwali, a fita sau ɗaya.

Maganar mai duba maka baya ita ma sai da tsari. A Katako da zarar ka fara baya, mutum goma za su zama malamai, wani na ihu da Hausa, wani da Zabarmanci, wani da Faransanci, kowa da hagunsa. Mutum ɗaya nake zaɓa, in ce masa, "Ɗan'uwa, kai kaɗai nake ji." Ya tsaya gefe inda nake ganinsa a madubi, kada ya kuskura ya shiga tsakanin baro da bango. Ya ɓace mini a madubi, na taka birki. A cikin unguwa kuwa ko da mai dubawa sai na zagaya baron tukuna, don yara na son ɗafe bayansa, ƙaramin cikinsu kuma madubi ba ya nuna shi. Mai baron da ya cire madubi wai don ado, ban san me zan ce masa ba.

In za ka sayi baro na hannu, kowa inji yake saurare, ya duba hayaƙi, ya danna tayoyi. Ka nemi a ɗora masa ɗan nauyi, ka yi baya da shi a wuri mai ɗan hawa. In ƙarfen na tsalle yana fita da kansa, haƙoran sun cinye. Ka leƙa ƙarƙashin akwatin ko mai na ɗiga, don da yawa ba a taɓa duba mansa ba tun ranar da aka haɗa baron. In kuwa ka tarar an ɗaure ƙarfen da robar taya, mai shi yana ce maka ai don kada ya yi ƙara ne, ka cire kuɗin sabon akwati da na makaniki daga farashin kafin ku fara ciniki.