Jarin da na bari a gida da fom 8621 na Amurka

Duk wanda ya samu girin kad (katin izinin zama na dindindin) a Amurka, kuɗinsa na duniya gaba ɗaya IRS, hukumar harajin Amurka, na da ido a kai, har wanda ke Kano ko Legas. Ni ina da ɗan jari a wani asusun hannun jari na haɗaka a Najeriya tun kafin na taho, ashe a wajensu wannan PFIC ne, wato kamfanin waje da kashi 75 na kuɗin shigarsa ruwa ne da ribar hannun jari, ko rabin kadarorinsa irin masu kawo kuɗi kana zaune. Dokar tun 1986 take.

Irin wannan jarin sai ka cike masa fom 8621 ka tura wa IRS, kowane asusu fom ɗinsa daban, kowace shekara, sai dai in duka jarin bai wuce dala 25,000 ba a ƙarshen shekara (50,000 in kai da iyali kuke cikewa tare) kuma ba ka sayar ka ci riba ba, ba a ba ka rabo mai yawa ba. Ni kuwa na sayar da wani ɓangare zan yi gini, shikenan na faɗa ciki.

Akantan da na ɗauka ta ce hanya mafi sauƙi ita ce QEF, wato ka zaɓi biyan haraji kowace shekara kan kasonka na ribar asusun, amma sai asusun ya ba ni takardar bayanin shekara irin ta IRS. Na kira su, yarinyar da ta ɗauka ta ce "ranka ya daɗe wace takarda kuma?" sai sitatimen ta turo min. To dole muka bi tsohuwar hanya, a raba ribar kan duk kwanakin da na riƙe jarin, na shekarun baya a caje shi da haraji mafi tsada na shekarar, a ɗora ruwa kamar bashi ka ci.

Abin da ya fi cin raina lissafi ne, duk ribar da aka sake zuba min ciki sayayya ce sabuwa, kowacce da ranarta da farashin dala na ranar, ga naira ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 tsakanin 2023 da 2024, wani layin a naira riba ne a dala asara.

Kuma kar ka ce bari ka yi shiru, in fom ɗin ya wajaba ba ka tura ba, wa'adin binciken takardar harajinka ta wannan shekarar ba ya rufewa. Ragowar jarin dai na sayar, yanzu asusun da aka yi wa rajista a Amurka kawai nake saya.