Gawon da Baba ya ƙi sarewa

Aikina shi ne zagayen ƙauyukan jihar Maradi ina zama da manoma a kan sassabin zamani. Ba dasa itace ake yi ba. Kututturen da ke cikin gona, na kalgo ko sabara ko gawo, idan ya tofo, sai manomi ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski duk shekara har su zama itace. A jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mun karanta yadda abin ya kankama a nan Maradi, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura a farkon shekarun 1980 cewa saiwoyin itatuwan da aka sare suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Mun karanta kuma dalilin da ya sa hatsi ke yin kyau a gindin gawo: yana kaɗe ganye da damina, bai tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki.

Abin da aji bai koya mini ba shi ne nauyin da ke kan mutum guda idan ya saɓa wa garinsu. Wannan sai a bakin aiki na gan shi. Za ka zauna da magidanci, ya yarda da duk bayaninka, amma da bazara ta zo sai ya share gonar fes ya cinna wuta, don kada a ce masa malalaci mai ƙazamar gona. Tsoron bakin mutane ya fi masa tsoron iskar da ke binne shuka da rairayi.

A nan ne mahaifina ya canja a idona. Muna yara mun san shi mutum ne mai ƙarancin magana, mai faɗa idan yaro ya kusanci itacen gona da gatari. Shi ke nan. Sai da na tambaye shi na ji cewa ya fara barin kututture ne bayan yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari. A lokacin an ba mutane abinci don su bar itatuwa a gonakinsu, kuma da aka daina rabon, da yawa suka sare nasu. Shi bai sare ba. Ga shi a wancan zamani itace na gwamnati ne, manomi na iya shan tara a kan reshen da ya tsiro a gonarsa. Sai a 2020 aka fitar da dokar da ta tabbatar wa mai gona haƙƙinsa a kan itacen da ya raya. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana renon abin da takarda ba ta ce nasa ba ne.

Na ce, "Baba, me ya hana ku sarewa da kowa ya sare?"

Ya ce, "Na ga uwarku tana fita neman icce tun asuba, sai azahar ta dawo da ɗan ƙunshi. Ka ga kuwa wanda ya ga haka ba zai ƙone icce a gona ba."

Ban taɓa jin ya furta wa Inna kalmar tausayi ba, mutanen zamaninsu ba sa yi. Ashe yana can cikin gona. Rassan askin su ne makamashin gidanmu, 'ya'yan gawon su awaki ke ci da rani, ragowar kuma Inna ta kai kasuwa.

Yanzu idan zan yi taro a ƙauyen da ke kusa da namu, da shi nake zuwa a kan babur. Nakan yi bayanina in koma gefe. Shi yakan tsuguna gaban kututturen kalgo, ya kama reshe ɗaya ya lanƙwasa, ya nuna musu wanda zai miƙe da wanda zai kwanta, sannan su shiga muhawarar da ta fi damunsu, ta masu zuwa da dare suna sare itacen da wani ya raya.