Ɗan kabukabun da ya sa na fara zanen labari a intanet

Allo ne ya fara jan hankalina ga zane, tun kafin in san akwai littafin zane a duniya. Ina ɗan shekara tara yayana ya sauke Alƙur'ani, aka kai allonsa wurin wani dattijo da ke kusa da Masallacin Shehu a Sakkwato domin a yi masa zayyana, ni kuma na maƙale sai da aka tafi da ni. Dattijon bai ce da ni uffan ba. Ya jera kasaken tawada, baƙa da ja da rawaya, ya fiƙe alƙalaminsa, ya riƙa jan layi ba tare da ma'auni ba, kuma ko ɗaya bai karkace ba. Da muka koma gida na ɗebo gawayi a murhun Inna na cika bangon zaure. An yi mini faɗa, an sa na wanke, amma hannuna bai sake zama wuri ɗaya ba.

A makarantar boko bayan kowane littafina cike yake da mutane. Sai dai mutanen wasu ne: jaruman Japan masu manyan idanu da muke gani a tauraron ɗan'adam, da ƙartin Amurka masu tashi sama. Na kai shekara ashirin ban taɓa zana mutum da hula da 'yar shara ba, kuma ban lura ba.

Abin da ya farkar da ni ya faru a watan Afrilun 2021, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, kwalta tana tururi. Na hau kabukabu daga Gawon Nama zuwa Babbar Kasuwa. Mai mashin ɗin dattijo ne, ya naɗe fuska da rawani saboda iska mai zafi. Muna tafe wani yaro ya gilma da jakai ɗauke da buhunan albasa, muka ci birki. Na zaci zai yi zagi. Sai ya juyo ya ce, "Ɗana, bar shi shi wuce. Jakin ga ya riga mashin zuwa garin ga." Daga nan har kasuwa bai yi shiru ba: kuɗɗin mai, ɗiyansa biyar, gonarsa ta fadama a Kwalkwalawa wadda ruwan Rima ya cinye bara. Da na sauka na tsaya a inuwa na rubuta duk abin da na iya tunawa a waya, da lafazinsa, ban gyara ko harafi ba. A daren nan na zana shi cikin gida huɗu, wato akwatunan zane huɗu a jere, na ɗora a Facebook.

Dalilina na yin haka ya daɗe yana ci mini rai. A finafinan Hausa da yawa, in ka ji an sa Sakkwatanci a bakin wani, to shi ne baƙauyen da za a yi wa dariya. Wannan kuwa harshen da Inna ta yi mini tatsuniya da shi ne, harshen da malamanmu ke fassara karatu da shi a zaure. A garin nan Nana Asma'u ta rayu, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis, wato matan da ta horar, suna ɗaukarsu zuwa ƙauyuka suna karantar da mata. Ita ta kai ilimi inda mutane suke, da harshen da suke ji. Ni ba malami ba ne, amma ina son yaron Mabera ko Runjin Sambo ya buɗe waya ya ga mutum mai hankali da mutunci yana cewa "mi kaka so?" ba tare da an maishe shi abin wasa ba.

Kafin in ci gaba sai da na je wurin malaminmu, domin zanen abu mai rai ba ƙaramar magana ba ce a gidanmu. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da nake yi," na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce a mazhabar Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa an sassauta a kansa, ko da yake akwai malaman da suka tsananta. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: tsiraici da cin mutuncin mutane. Kawuna har yau bai gamsu ba, kuma ba na jayayya da shi. In ya zo gida ina rufe littafin zanen.

Kayan aikina ba su da yawa. Ina zanawa da biro a farar takarda, in ɗauki hoto da safe a tsakar gida kafin rana ta yi ƙarfi, sannan in sa launi da yatsa a manhajar ibisPaint. Da bazara wayar kan yi zafi har ta riƙa tsayawa, don haka na mayar da aikin bayan sallar asuba. Kowace Juma'a bayan la'asar nake sakin sabon kashi.

Wahalar da ban zata ba ita ce ta haruffa. Yawancin salon rubutun da aka ƙera domin irin wannan zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta "baƙi" sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma, in kuma ka bar lanƙwasar ya koma "baki", magana ta canja. Na yi makonni ina neman mafita, daga baya na koma rubuta kowace kalma da hannuna. Yana cin lokaci ninki biyu. Amma a nan na gano cewa rubutun hannu yana da murya: in dattijo mai mashin ɗin da nake zanawa ya ɗaga harshe sai in kumbura haruffan, in yana gunaguni sai in ƙanƙanta su.

Babban kuskurena ya zo bayan wata shida. Masu karatu sun fara zuwa daga Kano da Kaduna da Zariya, wasu suna cewa ba su gane wasu kalmomi. Na ji tsoron kada su gudu, na mayar da maganar dattijon daidaitacciyar Hausa. "Yaz zo" ta koma "ya zo", "tahiya" ta koma "tafiya". Zanen ma a lokacin ya fi kyau, don hannuna ya faɗa. Mako uku ana haka, sai wata baiwar Allah ta rubuto mini layi ɗaya: "Wanga ba dattijonmu na ba." Na koma na karanta kashi ukun a jere, na ga gaskiyarta. Fuskarsa ce, rawaninsa ne, amma wani ne ke magana a ciki. Na dawo da harshensa, na riƙa sa ma'anar kalma ɗaya ko biyu a ƙasan zanen. Kanawan ba su gudu ba. Wasunsu ma yanzu da "awo", wato "i" ta Sakkwatawa, suke ba ni amsa.

Inna ba ta karatun boko, ajami take karantawa. Bara na yi mata kashi ɗaya da ajami, sai na tarar da wata matsalar: ajami daga dama yake farawa, gidajen zanena kuwa daga hagu suke tafiya, don haka ta fara da ƙarshen labarin. Na sake jera su daga sama zuwa ƙasa, wanda ya fi dacewa da waya ma, kuma tun daga ranar haka nake yi wa kowa. Ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa. Da ta kai gida na uku ta tsaya, ta ce ba haka ake ɗaure buhun albasa a bayan jaki ba, igiyar ta ƙarƙashin ciki take bi. Washegari da sassafe na tafi kasuwa da littafina, na zauna kusa da masu jakai har hantsi ina kallon yadda suke ɗauri.